Wayar da Muka Naɗa da Keken Ɗinki

Kwanan baya jikata ta ɗauke ni a mota za mu gaisuwar rasuwa, sai na ce ta bi da ni ta titin Ali Kazaure a nan Jos in ga gidan da aka kai ni amarya. Muka yi ta zagaya lungun ba mu gane shi ba. Da ƙyar wani dattijo mai faci ya nuna mana, ashe wuce shi muke ta yi. An rushe zauren, an jera shaguna, wannan na cajin waya, wancan na fitilun sola, janareta na ta ruri a bakin ƙofa har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Na fito na tsaya ina neman inda bishiyar gwaiba take, da inda famfo yake, da inda tagar ɗakina take, ban sami ko ɗaya ba. Jikata ta ce, "Hajiya, mu tafi, za mu makara." Na koma mota, amma tun ranar ban sami natsuwa ba. In na kwanta sai in tashi, in na zauna sai in miƙe, kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta a gidan da babu shi.

Gidan haya ne, ɗakuna na kallon juna, tsakar gida doguwa kamar layi, igiyar shanya ta ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan. Mai gidan tsoho ne da muke kira Baba Alhaji, wanda ya yi helma, wato shugaban leburori, a wurin haƙar kuza tun kafin a haife ni, har ƙarfinsa ya ƙare tare da kuzar. Ɗakin da ke kallon namu na Iya ne, Bayarabiya Kirista, tela, wadda ta ƙarasa koya mini yankan riga. Da asuba famfo ne ke fara magana, ya yi tari ya yi kaki kafin ruwa ya zo, sai ƙarar bokitai, sai kiran salla, can kuma ƙararrawar cocin su Iya, wani lokaci da kukan jirgin ƙasa daga nesa. Ruwan nan in ya taɓa hannu sai ka ji shi har cikin haƙora. Mu hura gawayin dutsen guga, mu ɗora koko, yara su fita makaranta cikin rigunan sanyi da suka yi musu yawa. In Iya ta yi miyar ganye sai ta leƙo ta ce, "Amarya, kai kawo kwano," domin Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, har kaza. In na yi gwaten acca ni ma in miƙa mata. Yanzu gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, jikokina ba su san akwai lokacin da ake haya ɗaya da wanda ba a salla tare ba.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da mazauni. Innata takan ce, "Yarinyar nan ko a kan tabarma take, ƙafarta tana hanya." Na gama firamare, na so in ci gaba bai yiwu ba, sai Inna ta saya mini keken ɗinki na ƙafa, baƙi mai zanen zinariya, ta ce ko shi zai zaunar da ni. Ya zaunar da jikina, bai zaunar da raina ba. Ina taka shi ina jin manyan motoci na gurnani sun nufi kudu da tumatir da kabeji daga kasuwar Farin Gada, in ce a raina, su ma kayan miya sun fi ni ganin duniya. Iya ta ba ni labarin Legas, da ruwan da ba a ganin ƙarshensa, da gadar da mota ke bi ta saman wata mota. Ban taɓa wuce Bukur da ke nan kusa da mu ba, amma kullum da rana sai na je Legas na dawo ina kan keke.

Mijina ni na zaɓe shi, ba wanda ya tilasta ni. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa, domin yana koyar da kimiyya a wata sakandare. Siriri ne mai saurin tafiya, alli ba ya barin hannun rigarsa. Shekarun nan ne aka buɗe ƙofar boko ga kowa, yara suka cika azuzuwa har kan taga, amma ɗakin gwajin makarantarsu kabad-kabad ne a rufe, in an buɗe babu komai sai gizo-gizo. Abokansa da suka gama tare suna ta barin allo, wannan ya tafi banki, wancan kamfani, suna zuwa gaishe mu a kan sababbin babura. Sai ga Kawu, ƙanen mahaifinsa, mai motocin dakon kayan gwari zuwa kudu, ya zo da magana. Yana neman ɗan gida mai ilimi da zai zauna masa a Legas ya riƙa karɓar motoci, da ɗaki da komai. Malam ya ce a ba shi lokaci. Ni kuwa a ranar na fara duba akwatina ina ware abin da za a tafi da shi da wanda za a bari.

Wata rana ya dawo daga makaranta bai yi sallamar kirki ba, ya jingine kekensa na hawa a jikin gwaiba, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Na ajiye masa abinci bai duba ba.

"Malam, lafiya?"

"Yau wani yaro ya tsayar da ni," ya ce. "Ina gaya musu cewa in aka motsa maganaɗisu a cikin naɗin waya, lantarki zai gudana a wayar, ba batir, ba komai. Na zana musu a allo. Na ce duk wutar garin nan haka ake samunta, ruwan Kurra ne ke juya manyan injuna masu maganaɗisu. Sai yaron ya miƙe ya ce, 'Sa, kai ka taɓa gani da idonka, ko kai ma a littafi ka karanta?' Ajin ya fashe da dariya."

"Ka hore shi mana."

"In hore shi a kan me? Gaskiya ya tambaya. Sau ɗaya na gani a kwaleji, daga bayan aji, ta saman kawunan mutane." Ya cire hula ya riƙe ta a hannu. "Na gaji da zanen abin da ba zan iya nunawa ba. Zan haɗa shi da hannuna in kai musu. In bai yi ba, na bar allo, mu bi Kawu."

"In ya yi fa?" na tambaya.

Sai ya ja kwano ya fara cin abinci. Ni ma ban sake tambaya ba, don na gane amsar.

Daga nan ɗakinmu ya koma kamar shagon 'yan gwangwan. Ya je unguwar Kwango-Rasha wurin wani mai gyaran rediyo ya samo maganaɗisun tsohuwar lasifika, dunƙule mai tsawon yatsa, nauyinsa ya fi girmansa. Ya samo ƙonanniyar fanka ya farke cikinta, ya zaro jar waya siririya kamar gashin doki. Ya yanko guntun gora mai rami wanda maganaɗisun zai iya shiga ya fita. Abin nan bai bar mini komai ba a ɗaki. Allurai na su bi shi, almakashi ya manne masa, in na ajiye fil a faranti in tarar sun taru a jikinsa kamar tururuwa a kan ƙashi. Kullum bayan la'asar Malam ya zauna a ƙofar ɗaki yana naɗa wayar a jikin gorar da hannu. Hannun alli ne, ba na zare ba. Wayar ta cukurkuɗe, ta hau kan juna, ta tsinke, ya warware ya sake. Ina kan keke ina kallonsa ta wutsiyar ido, rabin zuciyata na cewa bar shi, kowace tsinkewa taku ɗaya ce zuwa Legas.

Saura abin da zai nuna ko lantarkin ya zo, tunda ba shi da na'urar awo. Ya ce allurar kamfas za ta yi, in aka zagaye ta da 'yar waya, lantarki na bi za ta karkata. Kamfas ɗaya ne a gidan, na Baba Alhaji, wanda ya zo da shi daga Makka don duba alƙibla, yana ajiye shi cikin ƙyalle a aljihun gaba. Malam ya je zaure ya durƙusa ya yi bayani. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu.

"Na san mayen ƙarfe," ya ce. "Da shi ake tace kuza. Na ga ya kashe wa wani Bature agogo ina tsaye. Zan ba ka, amma da sharaɗi: mayen ƙarfenka yana can ɗakinka, allurata tana nan zaure a gabana. Kada su haɗu."

Malam ya dawo yana murna, ya ce sharaɗin ma ya fi, don ba mai cewa maganaɗisun ne ya ja allurar da kansa. Ya ja wayoyi biyu dogaye daga ɗakinmu, ya bi da su ta igiyar shanya har zaure. Ya gwada da naɗin da ya yi da hannu. Baba Alhaji ya zura wa allura ido har ya gaji, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ka fara ne ko tukuna?" Malam kuwa ya riga ya yi gumi yana tura maganaɗisun cikin gorar yana zarewa. Ya shigo ya jefar da gorar a kan gado, ya ce naɗin ya yi kaɗan, kuma ya tsinke a ciki, ana bukatar mai yawa ƙwarai, a jere, a matse, shi kuwa hannunsa ba zai iya ba.

Har yau ban san abin da ya tashe ni ba. Ba tausayi ba ne kawai. Ina jin dai ba na iya ganin zare a hargitse in ƙyale, ko da na abokin gaba ne. Na ce, "Miƙo nan." Na warware abin da ya yi duka. Na kira Iya, muka soka sanda a cikin gorar, muka ɗaure ta tamau a tsakiyar wilin hannu na kekena da tsumma da robar tayar keke, na cire allura don kada ta yi ta sara a banza. Iya ta riƙe ɗaya bakin sandar, Malam ya tsaya can baya yana sakin waya a hankali, ni kuma na taka, ina jan wayar tsakanin yatsuna kamar yadda nake cika kwarkwaron zare. Gorar ta fara juyawa, jar wayar na kwanciya layi bayan layi, tana sheƙi. In layi ya cika mu rufe da siririyar takarda mu hau wani. Wayar ta yanke ni a yatsa, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba. Iya na cewa, "Oga Malam, kai saki kaɗan-kaɗan, kai ba ja akuya ba ne." Mun yi yammaci da yawa a haka, ɗinkin mutane na jibge a kwando, masu kaya na aiko yara ina ba su haƙuri. Ina takawa ina ce wa kaina, ke wace irin mace ce, kina rufe wa kanki hanya da ƙafarki. Amma ban daina ba.

Ranar wata Asabar muka gwada, hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa zannuwan da ke kan igiya. Malam ya ce idon Baba Alhaji ya yi rauni, ni in je zaure in duba. Na durƙusa a gefen buzun tsohon, kamfas na ƙasa a tsakaninmu, an zagaye shi da waya, allurar ta tsaya cik. Iya ta tsaya a tsakar gida da hannu a ƙugu don ta riƙa isar da magana.

"Kun shirya?" Malam ya kira daga ɗaki.

"Sun shirya!" in ji Iya.

Sai allurar ta zabura. Ta yi wuf gefe ɗaya kamar an tsikare ta, ta yi rawa, ta dawo mazauninta. Babu wanda ya taɓa ta. Babu batir a ko'ina, ni na naɗa wayar nan da hannuna, na san babu komai a cikinta sai gora da takarda.

"Ta motsa!" Ban san lokacin da na yi ihu a gaban Baba Alhaji ba.

"Yanzu fa?" in ji Malam daga ɗaki.

"Ta tsaya."

"Yana ciki, na riƙe shi ban motsa ba. Duba kuma."

Allurar ta sake zabura, amma wannan karon ɗaya gefen. Na gaya masa. Ya yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce zarewa ya yi. Sai na ce kada ya ƙara faɗa mini komai, ya yi abin da ya ga dama, ni zan gaya masa. Ya yarda. Allura ta karkata, na ce, "Ka tura!" Ta koma ɗaya gefen, na ce, "Ka zare!" Ta ɗan gyaɗa kai kaɗan, na ce, "Wannan a hankali ka yi, kamar mai jin tsoro." Ta yi tsalle sosai, na ce, "Wannan da fushi!" Iya na ta maimaitawa tana tafi, matan gida sun fito da ludaya a hannu, yara sun cika ƙofar zaure. Bango da tsakar gida na tsakanina da mijina, amma ina ganin motsin hannunsa a kan allurar nan kamar yana gabana. Baba Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina wuce turakun wuta, ashe abin da ke cikinsu ke nan." Ruwa ya sauko da ƙanƙara, muka ruga kwashe shanya da waya, muna dariya kamar yara. Sai da na zo ɗora tukunyar dare na tuna da Legas, na daina dariya.

Ranar da zai kai wa ɗalibai, ya shirya kayan a kwali ya ɗaure a bayan keke. Sai ga Baba Alhaji ya fito da babbar riga da sanda, ya ce inda allurarsa ta je nan zai je. Haka suka tafi a ƙasa, Malam na tura keke, tsohon na biye. Ni aka bari a gida. Na share ɗaki, na sake sharewa. Na hau keke na ɗinka hannun riga a baibai, na farke. Na fita famfo ba tare da bokiti ba. In na ce Allah Ya sa ya yi, sai in ji kamar na yi wa kaina mugun baki. In na ce Allah Ya sa kada ya yi, sai in ga fuskarsa a gaban yaran nan suna dariya, in yi istigfari.

Bayan azahar aka yi sallama, sai ga Kawu. Babban mutum ne mai ƙaton agogo, ƙamshin turarensa na gauraye da na man mota. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa da abinci, na durƙusa daga gefe na gaishe shi.

"Ina mutumin naki?"

"Yana makaranta, Kawu."

"To, zan jira shi. Ana yi mini lodi a Farin Gada, da la'asar mota za ta tashi, kuma da ni za a tafi. Yau nake son amsa, don akwai wanda ke jiran wurin." Ya sha ruwa ya dube ni. "Na san ɗana, tun yana yaro ba ya iya yanke magana. Ke za ki ja shi. Ɗaki biyu ne a saman bene, in kin buɗe taga ruwa za ki gani har iyakar ido. Ga masu ɗinki can sai sun ƙi aiki. Ko kin fi so ki tsufa kina wanke alli?"

Na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma. Duk abin da ya faɗa, kamar ya leƙa cikin raina ne ya karanto.

Ba a jima ba muka ji hayaniya a lungu. Malam ne ya shigo, Baba Alhaji a gefensa, bayansu ɗalibai maza da mata cikin kayan makaranta, ɗaya ya rungume kwalin kamar jariri. Rigar Malam ta yi fari fat da alli, hularsa ta karkace, fuskarsa kuwa tun ranar ɗaurin aurenmu ban ga ta yi haske haka ba. Baba Alhaji bai ko zauna ba ya fara ba Kawu labari. Ya ce yaron nan mai baki, ga shi nan mai riƙe da kwali, shi aka ba maganaɗisun. Ya ce yaron bai yarda ba sai da aka fitar da waya ta taga har gindin mangwaro, shi yana can yana turawa, ajin na ciki suna faɗa masa abin da ya yi. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa, har na wasu azuzuwa suka cika tagogi. Wata yarinya siririya ta matso kusa da ni ta rusuna ta ce, "Anti, an ce ke kika naɗa. Mun zo mu ga keken ne. Ni ma akwai irinsa a gidanmu, za ki nuna mini yadda ake ɗaura gorar?"

Kawu ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya ce, "Madalla. To, wasa ya ƙare. Me ka yanke?"

Malam ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Kawu, ka ba ni izini in ga iyalina."

Muka shiga ɗaki ya saki labule. Ya tsaya a jikin kekena, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Kin ga yadda aka yi," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba, ina son aikin nan, yau na san ina sonsa. Amma na ga akwatinki tun ranar da Kawu ya fara zuwa. Ba don ke ba abin nan ba zai yi ba, bai kamata ya zama shi ne zai ɗaure ki ba. In kin ce mu tafi, mu tafi. Wallahi ba zan taɓa yi miki gori ba."

Da ya yi gardama ne da na ji sauƙi, da na sami abin da zan tura. Amma na san da gaske yake. Zai bi ni, ya zauna a gareji yana ƙirga kwandunan tumatir, ya dawo gida ya yi mini murmushi, kuma ba zan sake jin dariyar nan ta ranar Asabar ba. Ina jin raɗar yaran a bayan labule, da tarin Kawu a zaure. Na dubi akwatin, na dubi tagar da ba a ganin komai ta cikinta sai bangon maƙwabta.

"Je ka ba Kawu haƙuri," na ce.

Ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. "Kada ka gode mini yau. Ba zan iya ji ba."

Kawu ya tashi bai ƙarasa abincinsa ba, ya daɗe kuma kafin ya sake tako gidanmu. Na nuna wa yarinyar nan yadda ake ɗaura gora, fuskata a sake, muryata daidai. Da suka watse, na ji kukan wata babbar mota can a kan titi, ko tasa ce ko ba tasa ba, sai na shiga ɗakin Iya na kifa kai a kan tarin atamfofinta na yi kuka mai isata. Ta bar ni sai da na gama, sannan ta miƙo mini ruwa ta ce, "Amarya, Legas ruwa ne da sauro. In yana da daɗi, me ni yake yi a nan?" Na yi dariya da hawaye a fuska, amma ban yarda da ita ba, ita ma ta san ban yarda ba.

Haka muka zauna. Asabar ta zama ranar yara a gidanmu, su zo da matattun rediyoyi da ƙonannun fankoki, in taka musu keke, Malam na bayani, Baba Alhaji na gadin allurarsa har Allah Ya karɓi ransa. A nan na koyi abin da makaranta ba ta ba ni ba, ina tambaya ana amsa mini tare da su. Yaran yanzu wuta na aljihunsu, in ta ƙare su yi tsaki su nemi soket, ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi daga ina take zuwa ba. Mu kuwa mun yi ihu don allura ta gyaɗa kai. Wanda Kawu ya ba wurin ya yi arziki, ya gina gidaje, matarsa ta zaga ƙasashe. Na sha ganinta a biki, kuma ba zan ce ban taɓa bin ta da kallo ba. Iya ta tashi ta koma wata unguwa lokacin da zama ya gagara, rasuwarta ma sai bayan an binne ta na ji. Ni dai ban taɓa kwana wata guda a wajen Jos ba, kuma har gobe in na ji babbar mota ta canja giya a kan hawa, sai na ɗaga kai.

Malam ya koyar har ya yi ritaya. A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ina jiƙa masa magani a kofi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Akwai abin da na so in tambaye ki tun muna gidan Baba Alhaji, na ji tsoron amsar. Kin yi da-na-sani?"

Na ce, "Wata rana e, wata rana a'a."

Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi ya ba shi amsar da ta yi daidai. "Yau fa?"

Na tallafo kansa na kai masa kofin baki. Na ce, "Yau a'a. Sha."